Harshen Inna, Wanda Na Koya a Bakin Gadon Jinya

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Duwala ce ta ƙasar Kamaru, unguwar New Bell, ɓangaren Hausawa. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, mahauci ne ɗan asalin Garwa. Innarmu kuwa 'yar ƙabilar Ɓasaa ce daga wani ƙauye a yankin Eseka, kan hanyar jirgin ƙasan da ke zuwa Yawunde. Ba Bassa na Najeriya nake nufi ba, ba kuma na Laberiya ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Waɗannan mutanen kurmi ne, mazauna tsakanin Duwala da Yawunde, garuruwansu Edeya da Eseka da Puma, ƙabilar su Samuel Eto'o ɗan ƙwallo. Masu jin harshen sun kai kimanin 300,000.

Inna tana ƙaramar yarinya aka kawo ta Duwala. A ƙarshen 1957 sojojin Faransa suka mamaye ƙasar Ɓasaa suna farautar 'yan jam'iyyar UPC masu neman 'yancin kai, aka tashi ƙauyuka aka tara mutane a sansanoni bakin hanya. Ran 13 ga Satumba 1958 aka harbe jagoransu Ruben Um Nyobe a daji kusa da Bumnyebel. A cikin wannan ruɗani ne aka turo ta wurin dangi a birni. Nan ta girma, ta shiga sayar da abinci, ta haɗu da Baba, ta musulunta, ta shige cikin Hausawa har ta fi wasu 'ya'yan gida iya habaici. Mu takwas ta haifa, kuma babu ko ɗayanmu da ta koya wa harshenta. Ba wanda ya hana ta da baki. Amma gida ne mai kishiyoyi da uwar miji, kuma duk matar da ta juya harshe ta yi wa ɗanta magana da abin da sauran ba sa ji, to gulma take yi ko wani abin da ya fi gulma muni. Sai ta naɗe harshenta ta ajiye. Sai in 'yan'uwanta sun kawo ziyara muke jin suna yi a ɗaki ƙasa-ƙasa, mu kuma hankalinmu na kan mintumba da suka zo da shi, wato rogon da ake kwaɓawa da manja a dafa cikin ganye.

Aure ya kai ni Yola. Can na koma makaranta na karanci koyar da Hausa, na zama malamar sakandare. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake yi wa kalma a farko da a ƙarshe, ban san wata rana da su zan nemi uwata ba.

Yayanmu ne ya bugo waya da asuba, ya ce Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ko da na iso ta farfaɗo, tana gane mutane, tana kuma magana. Sai dai Hausar ta tafi. Faransancin kasuwa ma ya tafi. Abin da ya rage a bakinta shi ne harshen da ta sha a nono. Matan unguwa suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Likita ya ce a'a, abu ne da aka sani: mai harsuna da yawa in jini ya taɓa masa wurin magana a ƙwaƙwalwa, wani harshen kan toshe wani ya tsira, kuma wanda ya toshe yana iya dawowa a hankali. Inna ta dube ni ta ce, "A man wɛm, ti mɛ malep." Na tsaya ina kallon bakinta. Wata mai shara ce ta ce min, "'yata" take kiran ki, ruwa take so.

Muka aika aka ɗauko ƙanwarta daga Edeya, wadda muke kira Tanti kamar yadda 'yan Duwala ke yi. Dattijuwa ce 'yar cocin Firesbiteriya, mai faɗa, ba ta ɓoye cewa ranta ya daɗe da ɓaci da mu. Daren farko ta ce min da Faransanci, "'Yata, ba zan dawwama a gidan nan ba, ina da gona. Ko ki koya, ko ki bar ta tana magana da bango." Na ce, "Tanti, na ba ki kunnena." Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, muka fara.

Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne sunan ƙabilar kansa. Turawa da 'yan boko suna cewa Basa da b ta kowa da kowa. Ni ina ji daga bakinta na san ɓ ce, irin ta ɓera da ɓarawo, wadda ake haɗa leɓe a ɗan ja maƙogwaro ƙasa. Na maimaita ɓot, mutane, ɓɔn, 'ya'ya, ɓe, kalmar korewa. Ta ajiye wuƙar da take yankan albasa ta ce jikokinta da suka tashi da Faransanci ba sa iya fitar da ita haka. Wasali dogo da gajere ma bai wahalar da ni ba, wanda ya san bambancin gari na mutane da gari na tuwo ba ya buƙatar dogon bayani. Karin sauti kuma mun gaje shi, ko da ba ma rubuta shi: kukan yaro daban, kukar miya daban, wuyan jiki daban, wuyar rayuwa daban. Sai dai nasu ya fi namu rassa. Muna da na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Su sun ƙara da mai tashi, inda murya ke farawa ƙasa ta hau cikin gaɓa guda, sannan akwai na saman da ke ɗan sauka taki ɗaya ya zauna a nan.

Wasula ne suka ba ni ruwa. Mu biyar gare mu, su bakwai. Tsakanin e da a akwai wani buɗaɗɗe da ake rubutawa ɛ, tsakanin o da a akwai ɔ. Kunnen Bahaushe yana haɗe su wuri ɗaya, don a wurinmu ba su raba ma'ana. Tanti ta samo min darasi daga cikin aikin jinyar kansa. Kullum da safe ina shafa wa Inna mai a hannun da ya shanye. Mai shi ne moo, hannuwa kuma mɔɔ, karin sautinsu iri ɗaya, tsawonsu ɗaya, buɗewar baki ce kaɗai ta raba su. Sai Tanti ta zauna bakin ƙofa ta faɗi ɗaya, in ta ce moo in ɗaga kwalba, in ta ce mɔɔ in ɗaga hannu. Inna na kwance tana kallonmu. A nan ne ta fara yin dariya tun kwanciyarta, dariyar ɓari ɗaya, har da hawaye.

Masana sun sa Ɓasaa cikin dangin harsunan Bantu, waɗanda suka kai ɗari biyar, daga kudancin Kamaru har Afirka ta Kudu. A rabon da masanin harsuna Malcolm Guthrie ya yi musu, lambarsa A43, wato yana can kusurwar arewa maso yamma, kusa da inda ake ganin asalin dangin ya taso, iyakar Najeriya da Kamaru. Amma wanda ya saba jin Suwahili a rediyo ba zai yi saurin gane zumuncin ba. Kalmomin Suwahili da wasali suke ƙarewa, kamar yawancin na Hausa. Na Ɓasaa kamar an bi su an datse wutsiyoyinsu ne: mut, ndap, jis, kaat, pɔt. Inda Bazulu zai ce umuntu da abantu, mai Suwahili ya ce mtu da watu, mutumin Duwala ya ce moto da bato, Inna mut da ɓot take cewa. Bakina da ya saba sauka kan wasali yana so ya ce mutu, ndapu. Sai da na koyi tsayawa cak a kan baƙi, in rufe leɓe a p in bar shi a rufe. Akwai kuma kalmomin da ke farawa da hanci kai tsaye, ndap ɗaki, njal yunwa, ngwɔ kare, ga ŋ da ke zama a farko ko a ƙarshe, kamar ŋɔ, kai.

Wurin da na fi daɗewa shi ne sunaye. Hausa ta raba duniya gida biyu, namiji da mace, sai jam'i ya haɗe su. Tun muna yara mun san rana mace ce, wata namiji. A Ɓasaa wannan rabon babu shi sam. Kalmar a ita ce "ya", ita ce "ta". In Inna ta ce a nlɔ, yana zuwa ko tana zuwa, sai na tambaya wa take nufi. A maimakon jinsi, sunaye sun kasu aji-aji, goma sha wani abu, kuma ana gane ajin suna daga goshinsa. Mu jam'inmu a ƙeya yake ko a ciki, gida gidaje, su nasu a gaba. Ajin mutane shi ne mai m da ɓ: mut da ɓot, man da ɓɔn, mudaa mace da ɓodaa mata. Wani ajin li da ma: liwanda aboki, mawanda abokai. Jis ido ma nan yake, jam'insa mis. Littafi kaat, littattafai bikaat, kuma wannan b ta bi sassauƙa ce, ba mai lanƙwasa ba. Akwai ajin da na fi so, mai hi da di, inda ƙananan abubuwa suka yi yawa: hinuni tsuntsu, dinuni tsuntsaye, hingɔnda yarinya, dingɔnda 'yan mata. Abubuwa masu zuba kuma sun taru a ajin ma, ba su da tilo: ruwan nan malep, da mai, da jini.

Haddace jam'i ba shi ne aikin ba, Bahaushe bai isa ya yi wa kowa gorin wahalar jam'i ba. Aikin shi ne ajin suna yana bin duk abin da ya raɓe shi a jimla. "Nawa" kaɗai ta ishe ni misali. Mu muna da -na da -ta, ɗana, 'yata, shi ke nan. A can ɗana man wɛm ne, 'ya'yana ɓɔn ɓɛm, ɗakina ndap yɛm, abokina liwanda jɛm, abokaina mawanda mɛm, littattafaina bikaat gwɛm. Gindin ɛm yana nan, goshin ne ke sauyawa. Aikatau ma haka: ɓɔn ɓa nlɔ, yara suna zuwa, amma dinuni di nlɔ. Da farko nakan tsaya a tsakiyar magana ina lissafi, Tanti na tsaki. Daga baya na lura jimlar da kanta tana yi wa mutum jagora, sautin farkon suna yana dawowa yana dawowa, kunne ya riga hankali sanin abin da zai biyo. Kuma ga mai jinyar wanda harshensa ya yi nauyi, wannan rahama ce. Sau da yawa sunan kan maƙale wa Inna, amma in na ji ma ko mɛm a bayansa, na rage abin da zan yi ta nunawa da yatsa.

Iyaye kuwa ba su bi wannan hanyar ba. Uwata ini ce, uwarka nyuŋ, uwarsa nyaŋ, kowace kalma mai zaman kanta. Ranar da na shiga ɗaki na ce "Ini" maimakon "Inna", ba ta amsa ba, ta juya fuska bango. Tanti ta ja ni waje ta ce in ba ta lokaci, rabon da wani ya kira ta haka ai babu, ita ce dai ta kira wata haka, kuma wadda ta kira ɗin ba ta sake gani ba tun da aka sa ta a jirgi.

Aikatau ya zo min da sauƙi ta wani gefen, don mun san yadda ake miƙa kalma ta ɗauki sabon aiki: ci da ciyar, saya da sayar da sayo. Su ma jɛ ci ne, jes ciyarwa. Yip rufewa, yibil buɗewa. Teŋ ɗaurewa, tiŋil kwancewa, wato ɗafa-ƙeya guda ke warware aikin da aka yi, abin da mu sai mun nemo wata kalma daban. Abubuwa biyu ke faruwa in an yi wannan ƙari. Wasalin gindi yana hawa sama, ɛ ta koma e, e ta koma i, ɔ ta koma o. Baƙin ƙarshe kuma yana laushi in ya shiga tsakanin wasula, p ta koma b, t ta koma wata d da ake furtawa kusan kamar r. Shi ya sa pɔt, yin magana, ke zama podos, yi wa wani magana, a kunne kuma poros za ka ji. Mudaa ma muraa ake ji.

Lokuta su ne suka shafi magani da abinci, don haka ban yi wasa da su ba. Ɓasaa ya raba abin da ya wuce hawa uku: na yau, na jiya da kwanakin baya, da na can da daɗewa. A bi jɛ, ta ci jiya ko kafin jiya. A jɛ, ta ci tun tuni. A ga jɛ, za ta ci. Na yau ɗin shi ne tarko, don a rubuce a njɛ ne, "tana ci" ma a njɛ ne. In muryar ta hau a kan n ɗin, ana cikin ci. In ta zauna ƙasa, an riga an ci ɗazu. Na gaya wa Tanti mu ma muna da irinsa, "ya tafi" na labari da "ya tafi" na umarni ba su da bambanci a takarda. Ta ce to me ya sa nake yi kamar yau na zo duniya. Korewa kuwa ɓe ce guda bayan aikatau, ba irin "ba… ba" tamu mai kama jimla gaba da baya ba. Mɛ nyi ɓe, ban sani ba, ita ce jimlar da ta fi kowace fita daga bakina a watannin farko.

Na nemi littafi, a nan na ga inda gizo ke saƙar. Akwai ƙamus na Ɓasaa zuwa Faransanci da Pierre Lemb da François de Gastines suka fitar a Duwala a 1973, amma samunsa a kasuwa sai an sha wuya. Akwai babin da Larry Hyman, wani masani Ba'amurke, ya rubuta da Ingilishi a 2003, wanda wani malamin jami'a ya turo min ta waya. Aiki ne mai kyau, amma don masana aka yi shi, ba don mai riƙe da kwanon kunu ba. Rubutun kansa iri biyu ne. Na mishan, wanda Tanti ta sani daga littattafan coci, ba ya raba b da ɓ, yana sa é da ô don raba wasula, ba ya nuna karin sauti. Na biyu ya fito daga haruffan bai ɗaya na harsunan Kamaru da aka amince da su a 1979, shi ne mai ɓ da ɛ da ɔ da ŋ. Mai jin harshen tun yana goye ba ya buƙatar alamomin nan, bakinsa na cike gurbi. Mai koyo da girma kamar ni, in babu su makaho ne. Ni dai ina bayan na biyun, Tanti kuwa ta ce an cika wa harshensu ƙugiyoyi. Duk da haka Ɓasaa mai gata ne in an gwada shi da maƙwabtansa. Akwai Bati, ƙaramin harshe a ƙauyuka uku na wannan yankin, wanda masu shi ke komawa Ɓasaa kamar yadda 'ya'yan Ɓasaa na birni ke komawa Faransanci.

Da kunnena ya fara buɗewa sai na tarar da wata mata da ban sani ba. Innar da na sani da Hausa mai kawaici ce, mai gajeriyar magana. Wannan kuwa mai ba'a ce, mai kwaikwayon muryar mutane, mai waƙa. Da daddare takan yi ta ba da labari da a bi na kwanakin baya da kuma lokacin can na nesa, ni da Tanti muna zaune. Ta faɗi yadda aka ƙone rumfar koko ta babanta, da yadda suka kwana cikin ruwan sama a sansani, da sojan da ya karɓe mata kaza. Rabin maganar nake kamawa, Tanti ta cike min sauran, wani wurin kuma ta ƙi fassarawa ta ce ba na yara ba ne, ni da nake da 'ya'ya a jami'a. Yaya bai so abin ba da farko. Ya ce, "Ke, kada ki mayar da tsohuwa inda ta fito, a bar ta da salati." Na ce, "Yaya, salatinta bai tafi ba, Fatiha ma tana nan daram a bakinta. Ruwa ne ba ta iya roƙo da Hausa." Bai sake magana ba. Bayan kwana biyu na ji shi a bakin ƙofa yana gwada mɛ yega, gaisuwa da godiyarsu, da muryar mai tsoron a ji shi.

Hausar ta dawo kaɗan-kaɗan kamar yadda likita ya ce, gaisuwa da sunayen jikoki da zagin ƙuda, amma ba ta koma yadda take ba. Ta ƙara shekara biyu da wani abu, Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya gafarta mata, Ya haɗa ta da Baba a Aljanna.

Da na koma aji a Yola, wata rana ina koyar da ƙidaya na ce kowa ya ƙirga da harshen gidansu. Wata yarinya 'yar Mbula daga wajen Demsa ta miƙe: ɓari biyu, taru uku, ine huɗu, tongno biyar. A Ɓasaa gindin biyu ɓaa ne, huɗu na, biyar tan. Na sa ta maimaita. Ashe Mbula yana cikin rukunin da masana ke kira Bantu na Jarawa, tare da harsunan Jarawa da Bankalawa da Dugurawa na jihar Bauchi, kuma akwai masu ganin danginsu na kusa suna tsakiyar Kamaru. Su azuzuwan sunayensu sun daskare, goshin ya manne da kalma ya daina aiki, kuma abin da aka rubuta a kansu bai kai na Ɓasaa ba ko kusa. Yarinyar ta kai biyar ta tsaya, ta ce sauran sai kakarta. Harshen da ya ture nata kuwa ba Faransanci ba ne, wanda nake karɓar albashi don koyarwa ne. Ban daina koyar da Hausa ba, ba kuma zan daina ba, amma yanzu duk zangon karatu ina ba su aikin gida ɗaya: a je wurin tsohuwar gida a rubuto sunayen sassan jiki da ƙidaya da tilo da jam'i na kalma ashirin, a ɗauko muryarta a waya in ta yarda. Wasu iyayen sun zo sun tambayi shugaban makaranta ko wannan yana cikin manhaja. Ya ce musu yana ƙarƙashin kwatanta harsuna.

Tanti tana nan da ranta a Edeya, idonta ya yi rauni. Duk Lahadi bayan ta dawo coci jikanta yana kira na, ta saurari jimlolin da na haɗa cikin mako, ta gyara min karin sauti, ta yi min faɗa kan ɛ da har yanzu nake rufewa. Hutun ƙarshen shekara zan kai mata 'yata ta biyu, wadda ta fara haddace azuzuwan sunaye daga littafin nan nawa, don Tanti ta ce ba za ta koya wa kowa ta waya ba sai ta taɓa fuskarsa.